Kyautar ɗan tayi, ci gaba da anabib ko riƙon yaro: wanne ya fi mana mu da muke zaune a Saudiyya

Maganar nan ta kyautar ɗan tayi ta fara yawo sosai tsakanin matanmu na Jidda da Makka, musamman waɗanda suka yi anabib, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sau biyu sau uku ba a dace ba, sai kiji wata tace ai akwai wata hanya a waje da ake dasa miki ciki shiryayye, babu yawan allura babu cire ƙwai kuma wai ya fi sauƙin kuɗi. Hanyar tana nan da gaske, kuma tana aiki. Ni ina ɗan taɓa aikin tafinta, ina raka matan da Larabcinsu bai nuna ba wajen likitocin mata, toh naga abinda rashin haihuwa yake yiwa mace a ƙasar da ba tata ba, shi yasa bana son a rufe zancen da kalma ɗaya ace haramun ne a tashi, haka kuma bana son a riƙa tallata shi ana ɓoye rabin gaskiya. Gara a baje komai a faifai mace da maigidanta su zaɓa idonsu a buɗe.

Idan mata da miji suka yi anabib, wato IVF, likita ba ƙwai ɗaya yake cirewa ba, yakan ciro goma ko sama da haka in an samu, a haɗa da maniyyin mijin a ɗakin gwaji, bayan kwana 5 a duba nawa ne suka rayu suka zama 'yan tayi, a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa sauran a daskarar dasu a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Toh wasu Allah yana basu 'ya'ya biyu uku suce sun gama, alhali akwai sauran 'yan tayi a ajiye ana biyan kuɗin ajiya duk shekara. A Amurka da wasu ƙasashen Turai irin waɗannan mutanen suna iya sa hannu suce a bawa wasu ma'auratan da basu samu ba. Akwai kuma kala na biyu da ake yi sosai a Sifen da Girka da Cek da arewacin Saifurus, inda asibitin da kansa zai samo ƙwan wata mace da maniyyin wani namiji, basu san juna ba basu sanku ba, ya haɗa ya dasa miki. Ko wanne aka yi a cikin biyun sakamakon ɗaya ne, ke zaki ɗau cikin ke zaki yi naƙuda, amma yaron bai gaji komai na halitta daga gareki ba, bai gaji komai daga maigidanki ba.

Abin ba sabo bane. An haifi jaririyar anabib ta farko a Ingila a 1978, zuwa 1984 an riga an haifi jarirai a Ostiraliya daga daskararren ɗan tayi da kuma daga ƙwan wata mace daban. A watan Yulin 2025 ma an haifi wani yaro a jihar Ohayo ta Amurka daga ɗan tayin da aka daskarar tun 1994, kuma ta wannan hanyar ta kyauta aka same shi. Kenan daɗewa a ƙanƙara bata lalata shi.

Ta ɓangaren wahalar jiki kam babu haɗi tsakanin hanyoyin biyu. Wadda zata yi anabib da ƙwanta sai ta sha allura a fatar ciki kullum na kwana 10 zuwa 12, lokaci ɗaya ba a saɓawa, zaki ga mace ta fito daga famasi da ƴar ƙaramar kula da ƙanƙara a ciki tana sauri ta tari mota kafin zafin Jidda ya ɓata mata maganin dubban riyal, gida ta ɓoye shi bayan robar yogot a firij don kar baƙi su gani su fara tambaya. Duk bayan kwana biyu uku sai an koma sikanin, sannan allurar ƙarshe, bayan awa 36 a sa ta barci a tsotso ƙwan da allura. Masu takayyus, wato waɗanda ma'ajiyar ƙwansu take da ƙananan ƙuraje da yawa, su kuma akwai tsoron kumburin ciki da tara ruwa har a kwantar da mace. Ita kuwa mai karɓar ɗan tayi duk ta tsallake wannan. Ƙwayoyi zata sha kamar na sati biyu don shimfiɗar mahaifa tayi kauri, likita yana son yaga ta kai milimita 7 ko fiye, a ƙara mata wani maganin na kwana 5, ranar dashe a narkar da ɗan tayin a zura shi da siririyar roba cikin ƴan mintuna ba tare da an sa ta barci ba, bayan kwana goma zuwa sati biyu a yi gwajin jini. Shikenan.

Ta ɓangaren dacewa ma kyautar ɗan tayi tana gaba ga macen da shekaru suka ja. Dalili shine mahaifa bata tsufa da sauri irin na ƙwai, gona ce da in an gyara ta aka zuba iri mai kyau zata yi yabanya ko da mace ta daina al'ada, matsalar a irin take. Ƙididdigar hukumar da ke kula da wannan harka a Birtaniya ta nuna macen da bata kai 35 ba, duk ɗan tayi ɗaya da aka dasa mata daga ƙwanta kusan ɗaya cikin uku ne yake kaiwa ga haihuwa, amma ƴar 43 zuwa 44 abin yakan sauko wajen 5 cikin 100. Idan ƙwan na ƴar shekara 28 ne toh lissafin ƴar 28 za a yi miki ko da ke kina 44. Kuɗi ma haka, a asibitocin kuɗi na nan zagaye ɗaya na anabib yakan tashi daga riyal dubu goma sha wani abu har ya haura dubu ashirin, magani daban, kuma yawancin taminin, wato inshorar lafiya, da kamfani yake yiwa ma'aikaci baya ɗaukar maganin rashin haihuwa, daga aljihu ne. Dashen ɗan tayin da yake a daskare ya fi arha tunda an cire kuɗin allurai da cire ƙwai, sai dai ki ɗora biza da tikiti da masauki, kuma in bai kama ba a karon farko a sake komawa.

Masu tallar basa faɗin sauran. Cikin da aka samu da ƙwan wata ya fi yawan zuwa da hawan jinin ciki, wanda in ba a tare shi ba shine yake kaiwa ga jijjiga, ga macen da ta haura 45 kuma sai a ƙara da ciwon suga na ciki da yiwuwar tiyata. In aka biye wa kwaɗayi aka dasa biyu don a huta da komawa, tagwaye suna zuwa da haihuwar bakwaini. Sannan ga maganar kama, mu baƙaƙe ne, masu bada ƙwai a Turai kusan duk farare ne, ko a Ingila da Amurka ana fama da ƙarancin baƙaƙen fata masu bayarwa. Shi yasa hankalin mutanenmu yake komawa Legas da Abuja da Akara, can kuma Najeriya ta daɗe bata da cikakkiyar dokar tarayya akan wannan aikin, toh waye zai tabbatar miki an gwada masu ƙwan, an duba jinotaif ɗinsu, ko kuma ba a raba ƙwan mace ɗaya ga gidaje ashirin ba. A ƙarshen 2024 BBC ta bankaɗo masu damfarar mata a jihar Anambara da cikin ƙarya, ana musu allurar da ke kumbura ciki a hana su zuwa sikanin, daga baya a miƙo musu jaririn wata. Wanda yake cikin ƙishirwar haihuwa shine farkon wanda ɗan damfara yake nema.

Toh yanzu babbar maganar, wadda ga mafi yawanmu ita take yanke hukunci. A Saudiyya babu asibitin da zai miki wannan aikin, na gwamnati ko na kuɗi. Akwai doka ta musamman kan cibiyoyin anabib da maganin rashin haihuwa da ta fito a 1424 bayan hijira, farkon 2004, ta hana amfani da maniyyin wanda ba miji ba, ta hana ƙwan wadda ba matar ba, ta hana a ɗauki ɗan tayin ma'aurata a saka a mahaifar wata ko da kishiya ce, kuma likitan da ya karya yana fuskantar tarar da ta kai riyal dubu 500 da ɗaurin har shekara 5 da soke lasisi. Shi yasa kafin su buɗe muku fayil sai sun ga takardar aure da igamarku, wato katin izinin zama, ku biyun, wadda aka ɗaura aurenta a gida ba takarda ko igamarta ta mutu ta fara gyara wannan tukuna kafin ta fara tara kuɗin allura. Ko 'yan tayinku na kanku da kuka daskarar, in aka yi saki ko miji ya rasu ba za a dasa miki ba.

Dokar bata faɗo daga sama ba, daga fatawar malamai ta fito. Tun 1980 Shehu Jadul Haƙ, lokacin yana Muftin Masar, ya halatta anabib tsakanin mata da mijinta kawai. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a nan Makka a zamanta na 1984 har ta ɗan buɗe ƙofa ɗaya, tace ana iya saka ɗan tayin mata da miji a mahaifar kishiya, amma a 1985 ta janye, saboda kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin a rasa gane ɗan waye. Ki duba, kishiya ce fa matar mutum ɗaya, ita ma aka rufe. Sai majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai hedikwata a Jidda ta zauna a Amman a Oktoban 1986 ta jero hanyoyi bakwai, ta haramta biyar ta halatta biyu, cikin biyar ɗin kuwa akwai wannan ɗin ƙarara, a haɗa ƙwan wata da maniyyin wani a dasa wa matar aure. Biyun da aka bari sune anabib da ƙwanki da maniyyin mijinki a mahaifarki, da kuma zuba maniyyin miji kai tsaye cikin mahaifa. A 1990 a Jidda suka sake cewa ko 'yan tayin da suka yi saura ba a bawa wata. Inda aka saɓa shine Iran, Ayatullahi Khamene'i ya bada fatawar da ta buɗe ƙofar a 1999, majalisarsu kuma tayi dokar kyautar ɗan tayi a 2003 wadda sai ma'aurata sun bi ta kotu, ana yi a wasu asibitocin Labanan ma, duk da cewa su kansu malaman Shi'a basu haɗu akai ba.

Ni abinda ya sa hankalina ya kwanta da matsayin malamanmu ba tsoron tara bane, lissafin rayuwar yaron ne. Wannan ɗan tayin da aka baki yana da ƴan uwa uwa ɗaya uba ɗaya a wani gidan, suna girma bai sansu ba basu sanshi ba. Sunan wa zai ɗauka, gadon wa zai ci, in mace ce waye waliyyinta ranar ɗaurin aure, ƙannen maigidan muharramanta ne ko a'a. Ko a kan wace ce uwar malamai sun yi magana biyu, wasu sun riƙe ayar suratul Mujadala da tace iyayensu mata sune waɗanda suka haife su, wasu sunce mai ƙwan ce. Kuma tunda ba zaki iya faɗawa dangi ba, sai ya zama kin ɗauki sirri na har abada ke da maigida, duk faɗan da kuka yi kina fargaba kar ya suɓuce daga bakinsa, in ya ƙara aure ya samu na jininsa kina kallon yanda yake kallon naki. Ramin ƙarya kuwa a wannan zamanin ya ƙara ƙurewa, gwajin ƙwayar halitta ya zama na yawu a ƴar kwalba da ake aikawa ta waya, rashin lafiya ɗaya da zata sa a nemi ɓargo ko ƙoda a dangi ta isa ta tona komai. Ingila da kanta tun 2005 ta daina ɓoye sunan masu bayarwa, yaro in ya kai 18 yana da haƙƙin sanin su waye, saboda yaran da aka haifa ta haka sun girma sun ce ɓoyewar ta cuce su.

Amma kafin mace ta kai ga zaɓi tsakanin ɗan tayin wasu da haƙura, ina roƙonta ta tabbatar ƙofarta ta rufe da gaske, don wallahi da yawa waɗanda nake gani basu kai nan ba, gajiya ce da rashin bayani. Hukumar lafiya ta duniya a 2023 tace kusan mutum ɗaya cikin shida yana haɗuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma kusan rabin lokuta namiji yana da hannu a ciki, amma mu har yanzu mace ce take zaga asibitoci da jakar takardu maigida yana mota yana jira. Ku maza don Allah, tahalilin maniyyi, wato gwajinsa, shine mafi arha kuma mafi sauƙi a duk gwaje gwajen nan. In aka ce sifili ne ma ba a gama ba, a maimaita bayan wata uku don maniyyi yana ɗaukar kusan haka kafin sabo ya nuna, a duba ko toshewar hanya ce, in toshewa ce kusan kullum ana samun sa a cikin maraina da allura. In kuma masana'antar ce da kanta tayi rauni akwai tiyatar da ake buɗewa a laluba da madubin likita, kusan rabin maza ana samo musu ƴan ƙwayoyi, kuma tun 1992 da likitocin Burasel suka fara cusa ƙwayar maniyyi ɗaya tak cikin ƙwai da allura, ƴan ƙwayoyin nan sun isa. Wani kuma allurar ƙarfin maza ta testosteron da yake yi a wajen motsa jiki ko wani ya bashi a kemis ita ta kashe masa maniyyin, in ya daina da yawa yana dawowa. Wani ƙarancin sinadari ne daga ƙwaƙwalwa da allurai suke gyarawa cikin watanni.

Ke kuma da aka ce miki AMH ɗinki yayi ƙasa kika fito kina kuka a bakin lif, wannan gwajin yawan ƙwan da ya rage yake nunawa ba kyansa ba. Ƴar 32 mai ƙaramin AMH ta fi ƴar 43 mai babban AMH damar dacewa, ana iya cire ƙwai zagaye biyu uku ana tarawa a daskare sannan a dasa. Masu gudun sikila, ke AS shi AS kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu na SS, wasu har an binne yara biyu shi yasa suke tunanin ɗan tayin wasu, toh ba sai kun je nan ba. Ana yin anabib da naku, a ɗebi ƴan ƙwayoyi daga kowane ɗan tayi a gwada a dasa wanda bashi da ciwon, ana yinsa a ƙasar nan, asibitin Sarki Faisal na Riyad ya daɗe yana yi kuma akwai a asibitocin kuɗi. Ƙasar da ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004 ta san wannan ciwon sarai.

Sai dai shi ma anabib ɗin a sa masa iyaka tun kafin a fara. Ku zauna ku biyu kuce zagaye nawa zamu yi, nawa zamu iya kashewa ba tare da an ci bashi ko an sayar da filin da aka saya a gida ba, ku tambayi likita da baki ɗaya a shekaruna da wannan sakamakon kashi nawa cikin ɗari kake bani na in riƙe jariri a hannu, ba na gwaji ya nuna ciki ba. Ku yi hattara da ƙarin abubuwan da ake ɗorawa kan lissafi irin allurar ruwan jini a ma'ajiyar ƙwai da sunan farfaɗo da ita, har yanzu ba a tabbatar tana ƙara haihuwa ba. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin 40, kusan mace ɗaya cikin ɗari kenan, akwai 5 zuwa 10 cikin 100 da ciki yake zuwar musu da kansa amma anabib da ƙwanta ba kasafai yake yi ba. Wadda ta wuce 45 ma haka, damar da ƙwanta ta kusa zama babu. Waɗannan sune matan da maganar kyautar ɗan tayi take shiga ransu da gaske, kuma bana ganin laifin zuciyar da taji ta karkata.

Toh ga su sai a ajiye kyautar ɗan tayi gefe da riƙo a auna, don in aka cire ado duk biyun abu ɗaya suke baki, yaron da ba naku ba ta jini wanda zaki raina ya kira ki Umma. Abinda kyautar ɗan tayi ta fi dashi shine cikin kansa, motsin yaro, laulayi, taron suna, da rufe bakin dangin miji da masu gori a gidan biki, kuma duk wadda ta taɓa zama a falo ana zagayawa da jaririn amarya ana cewa saura ke ta san wannan ba ƙaramin abu bane. Riƙo baya baki wannan. Abinda yake baki shine babu abin ɓoyewa, yaron yana da sunan ubansa kamar yanda suratul Ahzab ta umarta bayan abinda ya faru da Zaidu bin Harisa, ke kuma kina da hadisin da Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ya haɗa yatsunsa biyu yace shi da mai ɗaukar nauyin maraya haka suke a aljanna. Mu Hausawa ma ba baƙon abu bane a wajenmu, gida nawa ne aka ɗauki ɗan fari aka bawa gwaggo ko inna ta raina har tayi masa aure.

Matsalar da ake kawowa ta hijabi in yaro ya balaga, shayarwa tana warware ta, kuma nan ne mata da yawa basu san abinda zai yiwu ba. Macen da bata taɓa haihuwa ba tana iya samun ruwan nono. Likita zai ɗora ta kan magani, bayan ya duba zuciyarta don maganin ba na sha da ka bane, ita kuma ta riƙa tatsa da injin duk bayan awa uku har cikin dare na tsawon makonni. Na ga wata baiwar Allah a nan Jidda da tayi, ta nuna min ƴar kwalbar da ɗigon farko ya taru a gindinta ko cokali bai cika ba, hannunta yana rawa. Ba sai ya isa ciyar da yaron gaba ɗaya ba, madara zata cike. Abinda ake nema shine shayarwar da ke haramta aure kafin ya cika shekara 2, a nan ana aiki da sha biyar masu ƙosarwa, a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai ko sau ɗaya ya isa in ya kai ciki, toh kiyi biyar ɗin ki fita daga saɓani a kuma rubuta da shaidu. In nonon bai zo ba akwai dabara, in namiji ne ƴar uwarki mai goyo ta shayar dashi kin zama innarsa, in mace ce ƙanwar maigida ko matar ɗan uwansa ta shayar da ita ya zama kawunta ko baffanta.

Wahalar riƙo a nan ta takardu ce. Ƴan uwanmu masu jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, suna iya nema ta ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ko ƙungiyar Al-Widad mai hedikwata a Jidda, wadda take miƙa jarirai marasa iyaye ga iyalai da sharaɗin shayarwa, amma iyalin sai ƴan ƙasa. Mu masu igama wannan ƙofar ba tamu bace, kuma igamar iyali ta mata ce da 'ya'yan cikinka, ɗan ƙanwarka dake Kano ko Damagaram baya shiga. Shi yasa abinda ya fi yiwuwa shine ɗan dangin da suke zaune a nan da takardunsu, ko kuma a tsara shi da komawa gida, matar ta je ta zauna watannin shayarwa. Ƴan uwanmu na Sudan da yaƙin 2023 ya koro sun san yawan yaran da suka rasa kowa, gidan marayu na Maigoma a Khartum sai da aka kwashe yaransa zuwa Wad Madani a watan Yunin shekarar bayan da yawa sun rasu a ciki. Riƙon ɗan dangi kuma yana da nasa ciwon, kina gama wahala ya zama mutum iyayen su aiko a dawo dashi, don haka ayi magana a fili gaban manya tun ranar farko. Gado baya ci, amma kina da wasiyyar har kashi ɗaya cikin uku, kina da kyauta tun kina raye, a rubuta kar a bari sai an mutu dangi su tashi.

Maganar ƙara aure da ake saurin kawowa, halal ne babu musu, amma maigida take yiwa magani ba uwargida ba, in kuma matsalar daga shi take ko huɗu ya cike babu abinda zai canza. Macen da aka tabbatar mijinta ne baya haihuwa ita ma tana da damar ta zauna don Allah ko ta nemi hul'i, kar a maida ita mara godiya don ta faɗi abinda yake ranta.

Ni in ƙanwata ce ta tambaye ni, in bata kai 40 ba kuma ana samun ƙwai ko kaɗan ne zan ce ta zuba ƙarfinta a anabib da nata, da iyakar da suka yanke. In ƙwan ya ƙare ko an laluba maigida ba a samu komai ba zan ce ta kama hanyar riƙo da shayarwa tun da sauran ƙarfinta na goyo, kar ta ɓata shekara biyar tana jiran abinda likita ya riga ya faɗa mata. Tikitin Saifurus ko Legas ba zan taya ta nema ba.

Akwai kuma wadda ta riga ta je tayi, yaron yana nan yana wasa a tsakar gida, wataƙila tana karanta wannan gabanta yana faɗuwa. Ƴar uwa yaron bashi da laifin komai kuma babu mai ce miki ki rage son sa. Ki samu malamin da ya san fiƙihun nasaba da gado ku zauna ke da maigida a sirrance ya faɗa muku yanda za a yi da suna da dukiya da muharramci, ba sai unguwa ta ji ba. Sannan ki rubutawa asibitin tun suna nan basu rufe ba su baki duk abinda suke dashi kan masu ƙwan, rukunin jini, jinotaif, cututtukan gado, da lambar fayil, ki adana tare da takardar haihuwarsa, don wata rana likita zai tambaye shi ciwon da yake danginsu.